Tukunyar Tattasai a Biron Darekta

Shekara huɗu na yi ina koyar da Faransanci a wata kwaleji a Diffa, kuma a duk shekarun nan kalma biyu ne kawai na tabbata na koya wa wani suka zauna masa daram a kai. Su ne kuma suka fitar da yarinya mafi ƙwaƙwalwa daga makarantar, ana saura ƴan watanni ta rubuta birebe, jarrabawar kammala kwaleji.

Daga Damagaram aka turo ni, ɗan kwantaragi, da jaka ɗaya da wani ƙamus mai kauri da nake dangwararwa a kan tebur don yara su san da wa suke magana. Na iso garin a lokacin da ya koyi tsoron komai. An hana hawa babur, an hana farin takin zamani, esansi, wato man fetur, sai an auna maka shi kamar magani. Har tattasai, wanda da shi mutanen bakin kogin Komadugu suke aure da suna da zuwa Makka, sai da aka hana fataucinsa na wani lokaci, wai ribarsa tana zarcewa wajen mutanen daji. Ban ce tsoron banza ba ne. Mun yi jana'izar mutanen da muka sani. Akwai safiyar da wata ƙara ta tashi daga nesa, alli ya suɓuce daga hannuna, yara sittin suka yi tsit har ina jin numfashinsu. Amma shi ma tsoro akwai mai hankali akwai sakarai, kuma makarantarmu ba ta yi wahalar zaɓe ba.

Darektanmu dogon mutum ne mai ƙaunar jawabi. In ya tsaya gaban tuta ranar Litinin, sai rana ta fara cizo kafin ya gama gabatarwa. Kalmar da ya fi so ita ce jarumta. Ya sha gaya mana cewa in wani abu ya faru, shi ne zai zama na ƙarshen fita daga makarantar, bayan ya ƙirga ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Na hannun damansa shi ne sarbeyan, mai kula da tarbiyya, gajere mai yawo da guntun tiyo. Shi ke tsayawa a ƙofa kowace safiya yana caje jakunkuna. Ya taɓa ƙwace na'urar lissafi don tana da maɓallai da yawa, ya kulle ta a durowa har ƙarshen shekara. Cajensa iri biyu ne. Jakar ɗan gari da yatsa biyu yake taɓa ta, yana tambayar lafiyar baba. Jakar waɗanda yake kira ƴan ƙetare kuwa, wato yaran da rikici ya koro daga Najeriya, zazzage ta yake yi a ƙasa har ɓawon gyaɗa. Ƙetaren nan fa kogi ne da akuya take haye shi da ƙafa in rani ya yi, kuma rabin yaran kakanninsu a wannan gefen aka binne su.

Yarinyar tana cikin ƴan ƙetaren. Tana ajin ƙarshe, ta girmi ƴan ajin da shekara biyu, domin da Turancin Ingilishi ta fara karatu, da ta zo nan aka mayar da ita baya. Makonta na farko ta ɗaga hannu ta ce a ara mata biro. Aji ya kwashe da dariya, don a wajenmu biro shi ne ofishin darekta, abin rubutu kuwa bik muke cewa. Wani shaiɗanin yaro ya ce ta haƙura tukuna sai darekta ya yi ritaya. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba, ta rubuta kalmar a bayan littafinta na rubutu. Haka take da kowace kalma. Mu malamai Mushe ake ce mana, ita kuwa bakinta yakan suɓuce ta ce Sa, sannan ta yi sauri ta gyara. A Faransanci tana rarrafe, a lissafi da fizik kuwa ba mai ganin ƙurarta.

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne a garinsu, ya rasu a hanyar gudu. A hannun kawunta take, wanda yake aikatau a lambun tattasai na wani mutum can yamma, hanyar Chétimari. Kowa a ajin ya san kawun ya ba ta wannan shekarar ce kaɗai. In ta ci birebe, ta wuce lise, makarantar gaba da kwaleji. In ba ta ci ba, ta dawo gida, don hannu biyu a lambu sun fi masa amfani da hannu biyu a kan benci.

A tsakiyar shekarar wata ƙungiyar agaji ta zo da shawarar a yi ranar baje kolin kimiyya. Darekta ya amince nan take da ya ji za a zo da ƙyalle mai rubutu da mai ɗaukar hoto. Malamin fizik ya ce wa yara kowa ya haɗa abin da zai iya da tarkacen da ya samu, ya rubuta sunan abin da Faransanci a kan takardar da za a miƙa wa darekta.

Abin da ta haɗa, in ka gan shi, ba za ka ɗauke shi a hanya ba. Tsohuwar tukunyar ƙasa ce cike da turɓaya, da shukar tattasai ɗaya a ciki. Ta soka dogayen ƙusoshi biyu a turɓayar, ta ɗaura musu waya, wayar ta shiga wani gwangwanin madara. A cikin gwangwanin akwai pil biyu, wato batiran tocila, da wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da ta ciro daga matacciyar rediyo. A kan murfin ta huda rami ta sa ɗan ƙaramin jan ƙwan fitila. In ƙasa tana da laima, ƙwan a mace yake. In ta bushe, sai ya kama ja. Dalilinta kuwa a fili yake. Kawunta da ka yake ban ruwa, wata rana ya ƙona esansin da aka auna masa a injin ban ruwa a kan ƙasar da ba ta buƙata, wata rana ya bar wadda take ƙishi. Ita so take ƙasar ta faɗi buƙatarta da kanta.

Ran wata Talata, lokacin hutun tara, ta same ni a gindin bishiyar bedi inda malamai ke shan shayi.

"Sa... Mushe, yaya ake ce wa inji da Faransanci?"

Amsa mai sauƙi tana nan, kalmar da ɗan aji ɗaya ma ya sani. Amma akwai malamai biyu a zaune kusa da ni, ni kuma a lokacin ba na iya ganin kunne a buɗe ban zuba masa ilimi ba. Na gyara zama, na ce mata ai kalmar inji ɗin nan da kuke taƙama da ita a ƙetare, tana da ƴar uwa a Faransanci, engin, kuma ta fi armashi.

"Da me kika haɗa shi?"

"Da tarkace, Mushe. Abin da na samu."

"To, sai ki ƙara improvisé. Abin da aka ƙago da abin da ke hannu ke nan."

Na jera mata haruffan, ta rubuta. Na sa ta maimaita sau uku har sai da ta fitar da sautin ta hanci yadda ya kamata. Na waiga in karɓi yabo, na tarar malaman nan biyu gardamar ƙwallo suke yi, ko kalma ɗaya ba su ji ba.

Kada wani ya tambaye ni ko ban taɓa jin kalmomin nan a haɗe ba. Kullum sai na ji su. Duk sanda rediyo za ta ba da labarin bam ɗin da aka binne a hanya ya tashi da mota, engin explosif improvisé take cewa. Kalma ɗaya ce kawai ta tsakiya ta raba nawa da nasu. Amma mutumin da yake sauraren daɗin muryarsa ba ya jin komai ban da ita.

Malamin fizik ya tattara kayan yaran ya ajiye a biron darekta, don nan ne kaɗai ƙofa take da makulli mai aiki. Washegari aka aiko masa mahaifiyarsa ta rasu, ya kama hanyar garinsu mai nisa. Takardar sunayen kuwa ta kwanta a kan tebur ba wanda ya duba. Darekta ya ga shukar tattasai a gefen taga ya ɗauka ado aka kawo masa. Kwana uku yana juye mata ragowar shayi da sauran ruwan butar alwala, saboda haka ƙasa ba ta bushe ba, ƙwan bai ce komai ba. Sai Asabar da Lahadi suka zo, biro a kulle, kwano yana dafa ɗakin.

Ran Litinin, ranar baje kolin, darekta ya shigo da babbar riga mai sitati, ya zauna ya jawo takardar don ya tsinci abin da zai saka a jawabi. Ya karanta jirgin kwali. Ya karanta fanka mai pil. Ya karanta engin improvisé, da sunan ƴar ƙetare a gefe. Ya ɗaga kai. A gefen taga ga waya biyu sun fito daga cikin ƙasa sun shiga gwangwani, ga jan ido yana kallonsa.

Ina aji lokacin, saboda haka farkon gudun ban gani ba, ƙarshensa na gani ta taga. Mutumin da zai zama na ƙarshen fita ya ratsa fili da riga a tattare a hammata, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, bai ƙirga ko ɗalibi ɗaya ba. Bai ma yi ihu ba sai da ya kai bakin ƙofa, inda ya juyo ya ce, "Bam! A birona!" Sarbeyan ya rarumi ƙarfe ya hau dukan tsohon wilin mota da muke kaɗawa a madadin ƙararrawa. Yara suka ɓarke. Wasu ta ƙofa, wasu ta katanga, wasu suna kuka da gaske don sun taɓa ganin abin da bam yake yi, wasu kuma, Allah ya shirye su, suna murnar an tashi kafin darasin lissafi. Ni ma na gudu. Amma na tsaya na ɗauki ƙamusina, don a san dai malami ne yake gudu.

Muka taru can tsallaken hanya muna haki. A nan ne darekta ya lura da ƙafarsa. Mai gadinmu wani tsohon Babarbare ne, manomi ne kafin gonarsa ta faɗa inda ba a zuwa, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an matso. Duk hayaniyar nan abin da ya fahimta shi ne darekta ya yar da takalmi. Kafin a ankara ya koma ciki da butarsa a hannu. Muna ta ƙwala masa kira, yana tafiya abinsa. Mata suka fara salati.

Bayan ɗan lokaci ya fito da takalmin, ya ajiye a gaban darekta, ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Malam, wannan tattasai naka ka bar shi zai mutu. Na ba shi ruwa."

Sarbeyan ya ce, "Jar wutar fa? Ka ga jar wuta?"

Sai da ya maimaita a kunnen da yake ji. Tsohon ya ce, "Ya mutu. Na zuba ruwa, ya mutu."

Nan take wani malami ya ce Allahu akbar, tsohon ya kwance bam da buta. Ba wanda ya lura cewa abin da muka ji yanzu shi ne shaidar injin yarinyar yana aiki.

Masu kaki suka iso, suka ja igiya, suka kore mu baya. Dole in faɗi gaskiya, a duk safiyar nan su kaɗai suka yi abin da hankali zai ɗauka. Babbansu ya shiga da mutum ɗaya, ya jima kaɗan, ya fito rungume da tukunyar. Ya tambayi mai ita. Yarinyar ta fito daga cikin taro, ta yi masa bayani rabi da Hausa rabi da Faransancinta mai ɗingishi. Ya zare ƙusoshin, ƙwai ya kama. Ya mayar da su cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙwai ya mutu. Ya sake, ya sake, kamar yaron da aka ba sabon abin wasa. Ya ce mahaifinsa albasa yake nomawa, da zai samu irin wannan da ya huta. Sannan ya juya ga darekta, a gaban ɗalibai da iyaye da masu tallan ƙosai, ya ce, "Mushe darekta, ba komai. Tattasai ne yake jin ƙishirwa."

Yaransa suka tuntsire da dariya, taro ya ɗauka. Ni ma na yi, har da riƙe ciki. Yarinyar ma ta ɗan murmusa, don ba ta san dariyar nan ita za ta biya ba.

Kafin azahar labari ya gama gari. A kasuwa, a tasha, a bakin masallaci, maganar ke nan, darekta ya guje wa tattasai da takalmi ɗaya. Da babban soja ya daure fuska ya tafi da tukunyar a mota, da darekta ya zama jarumi, ya samu jawabin wata guda, yarinyar kuma wataƙila ta tsira da faɗa. Amma an yi masa dariya, kuma mutum irinsa ba ya yafe wa wanda ya sa aka gane shi.

Ran Laraba aka kira kwamitin ladabtarwa. Darekta a tsakiya, sarbeyan a dama da tiyonsa a kan cinya, shugaban iyayen yara a hagu. Ni aka ba aikin rubuta abin da aka tattauna, tun da ni ne mai Faransanci da kyakkyawan hannu. Yarinyar tana tsaye. Kawunta ya zo da rigarsa ta Juma'a, ya zauna a bakin benci ya ɗora hannuwa a gwiwa, ba ya jin Faransanci, Hausar ma sama sama. Tukunyar tana kan tebur, a can ƙarshen da ya fi nisa da darekta.

Darekta ya buɗe da cewa kowa ya yarda abin ba bam ba ne, shi ma tun farko bai ce bam ba ne, matakin kariya ya ɗauka. Na rubuta wannan ban ɗaga kai ba. Ya ce tambayar ita ce, me ya sa yarinya mace ta iya haɗa waya da pil ta binne a ƙasa.

Sarbeyan ya ce, "Yau tattasai. Gobe me?"

Shugaban iyaye ya gyaɗa kai kamar an faɗi wata babbar hikima.

Ta ce babanta ne ya koya mata, mai gyaran rediyo ne.

"Ina yake yanzu?"

"Ya rasu a hanya, Mushe."

Sarbeyan ya dubi darekta ya ce, "Ka gani ko? Ba wanda za a tambaya."

Sai ta yi abin da ban zata ba. Ta nuna fankar da ke kan kabad, wadda ɗan wani babban ma'aikaci ya kawo, ta ce ita ma waya ce da pil, pil huɗu ma. Kowa a makarantar ya san a kasuwa aka sayi fankar nan, yaron ya ɓalle murfin kawai don ta yi kama da aikin hannu.

Sarbeyan ya ce, "Wannan mun san gidansu."

Na rubuta wannan ma, na gyara shi ya zama jimla mai kyau.

Daga nan darekta ya jawo takardar sunayen ya buga ta a tebur. Ya ce a bar maganar waya, a zo kan kalma. Ya ce yarinyar da ba ta iya haɗa jimla uku ba tare da kuskure ba, ina ta samo engin improvisé, ba kuskuren harafi ko ɗaya, har da ɗigon saman harafin ƙarshe? Ko dai da gangan ta yi don ta tsorata hukuma, ko kuwa akwai inda take jin irin waɗannan kalmomi.

Ta ce, "Na tambaya ne, aka faɗa mini."

"Wa ya faɗa miki?"

Ta juyo ta dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, wannan shi ne abin da har yau yake cina. Kallon ɗalibar da ta san malami yana da amsa ne, tana jira ya buɗe baki kamar yadda ya saba buɗewa ko ba a tambaye shi ba.

Ina da jimlar a bakina, gajeriya ce, ni ne na ba ta. Amma cikin ƙiftawar ido na lissafa komai. Ni ɗan kwantaragi ne, sa hannun darekta ke sabunta ni. Ni baƙo ne, ba wanda ya san gidanmu. A shekarun nan in aka rubuta a takarda cewa malami wane shi ya koya wa ƴar ƙetare sunan bam, ba ka san teburin da takardar za ta kwana ba. Tsoro ya kama ni, kunya ta biyo baya, su biyun suka taru a idona. Na ji idanuna sun yi zafi sun kaɗa sun yi ja. Na zaro hankici na fyace hanci, don a ɗauka mura ce.

Ta jira. Darekta ya sake tambaya. Ta sauke kai. Ni kuma na sunkuya na rubuta cewa ɗalibar ba ta amsa ba. Jimlar ta fita tsaf, ba kuskure ko ɗaya.

Ba a kore ta ba, darekta ya nanata wannan sau biyu. An dai shawarci iyayenta su nema mata wata makarantar da ta fi dacewa da ita. Takardunta na birebe kuwa, waɗanda a makon nan ake rufe karɓarsu, makaranta ba za ta iya turawa da sunan ɗalibar da ba tata ba. Kawun ya ga an rufe baki an tattara takardu, ya ɗauka an gama lafiya, ya miƙe yana cewa wushe, wushe, yana godiya. Ita ta juya ta yi masa bayani da Barbarci, a hankali, jimla biyu ko uku. Ya tsaya da hannunsa a miƙe, wanda ya ɗaga don ya gaisa da darekta. Can ya ce a ba shi tukunyar, ta matarsa ce. Darekta ya ce ba za ta fita ba, shaida ce.

An yi baje kolin mako na gaba. Fanka ta zo ta ɗaya. Darekta ya yi jawabi mai tsawo a kan kimiyya, ya yi kira na musamman ga ƴaƴa mata da su daina jin tsoronta, aka tafa, aka ɗauki hoto. Bayan nan aka kafa doka, ba waya, ba pil, ba ƙusa a harabar makaranta. Malamin fizik ya dawo daga zaman makoki ya tarar darasin wutar lantarki sai dai a zana shi da alli. Ya je biro ya ɗaga murya, aka tuna masa shi ma ɗan kwantaragi ne, ya sauke ta. Sarbeyan ya ƙwace tocilar mai gadi. Tukunyar kuwa aka kai ta sito. Na taɓa shiga neman alli na gan ta a lungu, shukar ta bushe ƙayau, jan ƙwan yana ci shi kaɗai. Na ɗauki allina na ja ƙofa.

Shekaru suka wuce. Na samu aikin dindindin, na bar aji, na koma wani ofis inda ake biyana in rubuta rahoto a kan dalilan da ke sa ƴan mata barin makaranta. Na ƙware a wannan aikin, har ana yaba mini. Shi ne ya sake kai ni Diffa na kwana uku. Fitilata mai cajin rana ta lalace, aka kwatanta mini wata rumfa a kasuwa, aka ce matar tana gyara komai.

Tana zaune a kan tabarma da goyo a baya, ƙarfen lanƙaya yana cikin garwashi, wayoyi da tociloli da rediyoyi sun kewaye ta. Yarinyar nan ce, ta gane ni kafin in gane ta.

"Sannu da zuwa, Mushe. Ya iyali?"

Ta sa aka ba ni kujera. Ta karɓi fitilar ta buɗe ta, ba ta tambaye ni komai ba. A kan wani katako a bayanta na ga gwangwanayen madara a jere, kowanne da ƙusoshi biyu a rataye da ɗan jan ƙwai a ka. Na yi ta juya jimloli a kaina, da Faransanci da Hausa, ina neman wadda zan fara da ita. Ni da na cika rahotanni, ko ɗaya ba ta zo ba.

Sai ga wani dattijo ya tsaya a bakin rumfar, hannuwansa sun rine da jan tattasai. Ya yi sallama ya ce daga wajen Chétimari yake, maƙwabcinsa ne ya kwatanta masa.

"Ƴata, a ba ni Mushe biyu."

Na ɗago da sauri na ce na'am. Dattijon ya dube ni da mamaki. Ita kuwa ta miƙa hannu baya ta ɗauko gwangwani biyu, ta nuna masa yadda zai soka ƙusoshin, ta ce kada ya bari ruwa ya shiga cikin gwangwanin. Ya tafi.

Na ce, "Sunansa ke nan?"

"Haka kowa yake ce masa. Ni na sa masa, ya bi shi."

Ya kamata in yi shiru, tun da na iya. Amma na ce, "Me ya sa Mushe?"

Ba ta ɗago ba, tana hura garwashi. Ta ce, "Ai ya san komai. Ya san ƙasa ta bushe, ya san shuka za ta mutu. Amma ba ya magana. Sai dai idonsa ya yi ja."

Ta mayar da murfin fitilar ta ɗaure, ta miƙo mini ta ce in gwada. Na danna, ta kama. Ta ce in gaida gida, ta juya ga matar da ke bayana da rediyo a hannu.